Wasiƙar Soja da Ƙullin Gida

Idan na ga mata a Tirwun suna ƙulla garin kuka, daddawa da yaji don ɗa ko miji da ke bakin daga a Borno, nakan tuna kakanninmu. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashi samarin Arewa a runduna ta 81 zuwa Indiya, daga nan suka shiga kurmin ƙasar Bama. Yawancinsu ba su iya boko ba, sai wani ya rubuta musu wasiƙa, ko su aiko da ajami. A gida kuwa malamin unguwa ke karanta wa uwa, tana zaune a bakin tabarma ta kasa kunne.

Gidan ma ba a wadace yake ba. Gishiri ya yi wuya, an kwashi majiya ƙarfi aikin tilas a ramukan kuza na Jos. Duk da haka amsar takan ce kowa lafiya, don kada hankalin ɗa ya rabu biyu.

Yau waya ta gaji takarda, amma damuwar tana nan: ya ci, ya ƙoshi? Mai maƙwabtaka da iyalin soja, ya riƙa leƙa su. Zumunci a ƙafa yake.