Daga Maraɗi zuwa Zanzibar: shirin zuwa leƙen murjani

Shekara goma sha tara ke nan ina koyarwa, takwas daga ciki a makarantar horon malamai, kuma babu shekarar da ban yi darasin teku ba. Nakan zana shi a allo da alli shuɗi in an samu, in ba a samu ba da fari. Nakan ce ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, ɗalibai su rubuta a kaye, su haddace, su ci jarrabawa, su watsu ƙauyuka su maimaita wa yara. Ni ban taɓa ganin teku ba, su ma haka, yaran ma haka. Daga Yamai zuwa Kwatano kilomita dubu ne da ɗoriya. Labarin labari muke miƙa wa juna.

Shi ya sa bara na shiga adashe da abokan aiki, mu goma sha biyu, jika 25 duk wata. Na roƙi a bar mini kwasar watan Mayu. In an haɗa da ɗan kuɗin gyaran takardun jarrabawa da raguna biyu da nake kiwo, ina sa ran a babban hutu mai zuwa in je tsibiran Zanzibar in kifa fuska cikin ruwa in ga abin da ke ƙasa da idona.

Abin da Turawa ke yi a can ba nutso ba ne irin na masu goya tukunyar iska. Mutum yakan kwanta rub da ciki a saman ruwa, da tabarau na roba da ya rufe ido da hanci, da gajeren bututu a baki wanda kansa ke waje yana shaƙar iska ta ciki, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Yana shawagi yana kallon ƙasa. Ni na raɗa masa suna leƙen teku. Da na yi wa ajina bayani, wani ɗalibi ya ce to me zai hana a yi bututun mita uku, mutum ya sauka can ƙasa ya zauna yana numfashi abinsa? Tambayar ta cinye mana awa guda, ban yi baƙin ciki ba. Bututun ba ya wuce santimita 40 saboda dalili biyu. Ruwa nauyi gare shi: duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukkan iskar sararin sama, don haka ko a zurfin mita ɗaya ƙirji da ƙyar yake iya buɗewa ya jawo iska daga waje. Na biyu, in bututu ya yi tsawo, iskar da ka fitar ba ta kai bakinsa, ita za ka sake shaƙa. Tabarau kuwa amfaninsa iskar da ya tsare a gaban ido, don idon ɗan Adam ba ya gani tas in ruwa na taɓa shi. Ta cikinsa kifi yakan yi kamar ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Ashe masu ba da labarin girman kifi ba kullum suke ƙari ba.

Akwai wata ƴar matsala da ta shafe ni. Gashin baki yana hana robar tabarau manne wa fata, ruwa ya riƙa shiga. Masana sun ce ko a aske layin da ke ƙarƙashin hanci, ko a shafa basilin. Uwargida ta ce basilin.

Na duba Maldibs, na ga kuɗin jirgin ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri kaɗai zai kai ni ƙasa. Na duba Kap Bar da ke nan yammacinmu, tsibiran aman wuta ne, ba su da shimfiɗar murjani irin ta Tekun Indiya. Zanzibar kuwa jirgin Ethiopian Airlines na tashi daga Yamai zuwa Adis Ababa, daga can a sake wani ya sauke ka a babban tsibirin, Unguja. Kafin nan sai na yi kilomita kusan 660 a mota daga Maraɗi. Yawancin mutanen can Musulmi ne, abinci da wurin salla ba za su zame mini aiki ba. Harshensu ma kunnen Bahaushe yana tsintar wani abu a ciki, don Larabci ya ratsa mu duka: habari shi ne labari, sabuni sabulu, asubuhi asuba, karafuu kuma kanumfari, wanda tsibirin Pemba ya yi suna a kansa.

Lokaci ya zo daidai da hutunmu. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, daga Yuni zuwa Oktoba kuma rani ne mai ɗan sanyi. Sai dai a watannin nan iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, teku yakan yi tsauri, don haka da sassafe ake fita. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin cika da janyewar ruwa. Sau biyu a yini teku ke cika ya janye, kullum yana jinkiri da wajen minti 50, kuma a gabashin Unguja in ya janye sai mutum ya yi tafiya mai nisa a kan yashi kafin ya kai ruwa. Ya fi cika ya fi janyewa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mu da muke duban wata don azumi da salla, ga wasu suna dubansa don sanin sa'ar da kwalekwale zai iya fita. Kalandar Hijira da ke rataye a ɗakina ta zama kayan shirin tafiya.

Wuri biyu na sa a gaba. Na farko Mnemba, wani ɗan tsibiri a arewa maso gabas, daura da ƙauyen Matemwe. Yana hannun wani otal mai tsada, ba a barin kowa ya taka ƙasarsa, amma ruwan da ke kewaye da shi kowa na zuwa. Kowa ɗin ne matsalar: jirage da yawa a wuri ɗaya, wasu suna bin dolfin da inji kamar masu koran akuya daga gona. Zan je sau ɗaya in gani. Na biyu shi ne ainihin abin da ya ja ni. Chumbe yana wajen kilomita 12 kudu maso yammacin tsohon birnin Zanzibar. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ta kafa aikin kare shi, gwamnatin Zanzibar kuma ta ayyana ruwansa wurin da aka keɓe a 1994. Ba a su a wurin, ana ƙayyade yawan baƙi, kuma akwai nau'in murjani mai tauri wajen 200 a ɗan yankin. Akwai hasumiyar fitila ta 1904 da ɗan masallaci. Da kuɗin baƙi suke ɗauko ƴan lakwal da malamansu daga Unguja, su sa musu rigar ceto da tabarau, su shigar da su ruwa su ga abin da ke cikin littafinsu. Ina so in zauna da masu wannan aiki in ji yadda suke shirya darasin, abin da suke faɗa kafin yaro ya shiga ruwa da abin da suke tambayarsa in ya fito.

Murjani a wurinmu dutsen wuya ne na amare da sarakuna. Jan nan da ake tsakiya da shi yawanci daga Bahar Rum yake. Na Zanzibar dangi ne amma wani iri, shi ne mai gina tudu a ƙarƙashin ruwa. Kuma dabba ne. Wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne masu baki da ƴan hannuwa, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, ɗaki kan ɗaki, shekara dubbai. A cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ke dafa musu abinci da hasken rana, shi ne kuma ke ba su launi. In zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da digiri ɗaya kacal ya daɗe makonni, sai su kori gansakukan, su yi fari fat, in abin ya ci gaba su mutu. Haka ta faru a Tekun Indiya a 1998 da 2016, a 2024 kuma masana suka sanar da karo na huɗu da abin ya game duniya. Wuraren nan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'in halittun teku sun dogara da su. Ba na son in jira ritaya.

A nan zan ɗan kauce. Ƴan Ader za su ce su teku ya riga ya zo musu, kuma gaskiyarsu. Shekaru miliyoyi da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara ya kwanta a inda jihar Tawa take yau. A duwatsun can ana tsintar bawon halittun ruwan gishiri da suka zama dutse, farar ƙasar da ake simintin Malbaza da ita ma a ƙasan wancan teku ta taru. Malamin da ke aiki a can yana da kayan darasi a bayan aji, kyauta.

Takardu su ne ba daɗi. Da na duba, Nijar na cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet tun da wuri, a jira amincewa daga can, kuma su da kansu suna ba da shawara kada a yanki tikiti kafin amsa ta zo. Sai katin rigakafin shawara. Sai inshorar da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 na Amurka, wajen jika 26.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abu ɗaya: ban iya iyo ba. Yawancin malaman da na tambaya ma ba su iya ba. Yadda aka rene mu ke nan. Yaron da aka kama a kududdufi bulala ce rabonsa, a shafa ƙafarsa a ga ta yi furu-furu a san inda ya je. Hani shi ne duk dabarar da iyaye suka sani, yara kuma ba su taɓa fasa zuwa ba, sai dai su je a ɓoye, inda babu babba. Kowace damina sai mun ji an tsamo yaro a ramin da aka haƙi ƙasar bulo, ko a gulbi in ya kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Daminar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, wasu gini ya faɗa musu, wasu ruwa ya tafi da su, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

Na yi zaton mutanen tsibiri da iyo ake haihuwarsu. Ashe da yawa ba su iya ba, musamman mata. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya kife tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwa suka halaka. A ƙauyen Nungwi da ke arewacin Unguja akwai wata ƙungiya, Panje Project, da ke koya wa yara iyo, har da ƴan mata, cikin sutura mai rufe jiki duka, mata kuma na koya wa mata. Na ga hotunansu: ƴan mata kwance rigingine a kan ruwa, kowace ta rungume jarkar roba da babu komai ciki. Jarka irin wadda ke kowane gida a Maraɗi. Na ƙara Nungwi cikin tafiyar, kwana biyu.

Ba komai za mu iya kwafowa ba. Ruwansu gishiri ne, gram 35 a kowace lita, yana ɗaga mutum, ba shi kuma da tsargiya. Tabkunanmu suna da ita, ba zan ce wa malami ya kai aji Madarunfa ya zuba su ciki ba. Amma akwai rabin darasin da ake yi a tudu, a filin lakwal. Wanda ruwa ke ci sau da yawa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim, shiru yake yi yana sama yana ƙasa. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa bayansa, ya miƙa masa sanda yana kwance a gaɓa, ko ya jefa masa rufaffiyar jarka da igiya. Wanda ya faɗa ya yi ƙoƙari ya juya rigingine ya baza hannuwa. Awa biyu sun isa, da jarka da igiyar guga. Ɗalibaina su 60 ne bana, kowannensu zai riƙe aji a wani ƙauye, kuma da wuya a sami ƙauyen da ba shi da tabki.

Ni dai na fara. Duk lokacin da aiki ya kai ni Yamai nakan biya kuɗin shiga wurin iyo na wani otal, wani saurayi da na haifi kamarsa yana riƙe da haɓata yana cewa, "Baba, saki jikinka." Sau huɗu ke nan. A gida kuma nakan cika baho in kifa fuska da bututu a baki in ƙirga numfashi ɗari, yara na tsaye suna dariya har da faɗuwa.

Yayana bai ga abin dariya ba. Ya ce, "Mushe, ƴaƴa biyar gare ka, filinka ko katanga babu, ka kwashi kuɗi ka tafi kallon kifi?" Na ce, "Yaya, katanga za ta jira ni." Ya ce bulo ba ya jiran kowa, kullum tashi yake. Maganarsa ba ta banza ba ce, kuɗin zai kewaye filin har da ƙofa. Mun rabu a kan cewa in biza ba ta fito ba zuwa ƙarshen Yuni, kwasar adashen ta tafi wurin mai bulo, ba gardama.

Uwargida sharaɗinta daban. Ta ce, "Malam, ka je, amma duk abin da ka koya a ruwa sai ka koya wa yaran nan, kuma da matan za ka fara." Ta riga ta kai wa tela hoton suturar ƴan matan Nungwi. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce yadin da ba ya shan ruwa sai an aiko daga Kano, a ba shi mako uku.