Naci da Kare a Bakin Turawan Ingila

Jama'a, akwai wata kalma ta Turanci da na daɗe ina juya ta a raina, watau dogged. Tushenta dog, kare ke nan. In Baturen Ingila ya ga mutum ya kama aiki ya ƙi saki, ko ana ruwa ko ana rana, sai ya kira shi da ita, kuma yabo ya ke nufi. To, ku dubi tafintan da aka ce ya juya wannan yabo a gaban dattijon Bahaushe. In ya bi kalma ya ce, “Wai halinka na kare ne,” ai ya ɓata zumunci. Mu a wurinmu kare sunan zagi ne.

Su ma Turawan da can ba yabo su ke yi da ita ba. A tsohon Turanci ma'anarta mai mugun hali, mai ɗaure fuska. Sai wajen ƙarni na 18 ta koma nufin mai dagewa.

Suna da wani kare gajere mai faɗin muƙamuƙi, sunansa bulldog. Dā a kan ɗaure bijimi a fili, a sako masa wannan kare ya cafki hancinsa. Bijimi ya yi ta wujijjiga shi, shi kuwa ya ƙi saki. An hana wannan mugun wasa da doka a 1835, amma sunan karen ya zauna. Da Churchill ya zama Firayim Minista a 1940, ya ƙi neman sulhu da Hitila, sai mutanensa su ka riƙa kamanta shi da wannan kare don girmamawa. Wane talaka ne a ƙasar Hausa zai yi wa sarki kirari haka?

Ba su kuma manta aibin kare ba. Suna cewa dog in the manger, daga tatsuniyar karen da ya kwanta bisa harawa, shi bai ci ba, ya kuwa hana sa ci. Wannan ma riƙo ne, amma na hassada.

A ganina Hausa ta fi rarrabe al'amarin nan. Naci shi ne na mai bin bashi, wanda kullum safiya ya ke ƙofar gidanka. Taurin kai na wanda aka nuna wa gaskiya ya ƙi ne, kafiya kuwa ƙanwarsa ce. Dagewa ita ce ta manomin da fari ya kashe masa shuka ya sāke binne iri. Saboda haka ni da dagewa na ke fassara dogged, in bar kare a waje, ko da ya ke mun san karen As'habul Kahfi ya kwanta a bakin kogo bai rabu da iyayen gidansa ba, barcinsu kuwa shekara 309 ne.