Kifin da Ya Ƙaryata Littafi

Mu da muka tashi da tarwaɗa da karfasa, mun sha mamaki ranar da malaminmu a jami'a ya nuna mana hoton silakant. Kifi ne shuɗi, tsawonsa kan kusanci mita 2, yana wuni cikin kogunan dutse a ƙarƙashin teku. Masana sun ɗauka ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Kwatsam, a 1938, masunta suka kamo guda a gaɓar Afirka ta Kudu. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan tarihi, ta tsamo shi daga tarin kifi don bai yi kama da sauran ba.

Kunya ta kama mu. Mun saba hadda, mu zuba a jarrabawa, ba ma tambaya. Ƙannenmu, in kun ga abin da littafi bai ambata ba, ku tambaya.