Yadda Muka Ƙwato Keken Kakanmu Daga Hannun Tsatsa

Da wuya a shiga tsohon gida a cikin birnin Katsina, ko a Yarinci ne ko Gambarawa ko Rafin Daɗi, a rasa wani tsohon keke jingine a zaure ko a bayan ɗaki. Tayoyinsa sun sace, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana, duk wanda ya gifta sai ya rataya masa tsumma. Ƙarshen yawancinsu hannun 'yan jari-bola ne, a ɗora a sikeli a biya kuɗin da bai wuce na katin waya ba. Ƙannenmu na sakandare, kafin na gidanku ya bi wannan hanya, ku ba mu aron kunnuwanku mu faɗa muku yadda muka yi da namu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abin hawa ya zama abin da ake lissafawa a kowane gida kamar kuɗin cefane. Mu biyu ne a gidanmu, wa da ƙane, muke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ga kuma autanmu ɗan aji biyu na babbar sakandare, makarantarsu tana can bayan Ƙofar Ƙaura. Abin da ake ba shi na Keke Napep zuwa da dawowa ya daina isa. Ya koma tafiya a ƙasa, yana isa bayan an shiga aji, darasin farko kuwa a kwana biyu cikin mako lissafi ne. Sakamakon zango na biyu ya nuna hakan ɓaro-ɓaro. Sabon keke ba ya cikin lissafin mahaifinmu. Abin da ake da shi a gida shi ne keken Kaka.

Baƙin Raleigh ne, irin mai birkin sanda da manyan tayoyi masu inci 28. Kaka ya saye shi lokacin yana malamin firamare, da kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. A lokacin Katsina tana cikin jihar da hedikwatarta ke Kaduna, sai a 1987 ta sami jihar kanta. Ke nan keken ya girmi jiharmu da shekara 12. A goshinsa akwai tambarin ƙarfe mai hoton kan zalɓe, an rubuta Nottingham. Masu kallon ƙwallo sun san garin saboda ƙungiyar Nottingham Forest, amma a can Ingila an daɗe da saninsa da ƙera keke: kamfanin Raleigh ya samo asali a nan ne tun wajajen 1887, kuma sai a 2002 aka daina haɗa kekunansa a garin. Daga baya kekunan Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, amma har yau idan dattijo ya ce "keke na gaske", Raleigh yake nufi.

Rigima ta fara tun kafin a taɓa sifana. Auta ya ce shi dai a saya gwangwanin fentin feshi shuɗi a rufe keken gaba ɗaya, don kada abokansa su ce ya hau keken tsofaffi. Kaka ya ɗago daga kan buzunsa ya ce, "Kai abokina, in ka shafe mini zalɓe da layin zinaren nan, to ka ci gaba da sayar da ƙafarka." Muka tura keken zuwa wurin wani dattijo mai gyara da ke zama ƙarƙashin dogon yaro kusa da Ƙofar Marusa, don ya raba gardama.

"Sannu da aiki, Baba. Fenti muke so a yi masa."

Bai amsa ba sai da ya ɗauki ƙaramar sifana ya bi bututun firam ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Sannan ya ce, "Samari, wannan ƙarfen yana da rai. Ku ji yadda yake amsawa, ƙal-ƙal. Wanda tsatsa ta cinye ta ciki ba ya wannan ƙara, kamar ka bugi ruɓaɓɓen ice yake. Fenti kuwa ba ya kashe tsatsa. Riga ce kawai kuka sa wa mai ƙurji." Ya nuna mana wani keke a gefe da aka fesa wa jan fenti bara. Fentin duk ya yi bororo, da ya danna da farce sai ya fashe, jan gari ya zubo.

Abin da Baba ya sani da hannu shi ne abin da ake koya muku a darasin kemistiri. Ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa: ruwa da iskar oksijin. Kuna iya gwadawa a gida da ƙusa uku da kwalba uku. Ta farko ku sa ƙusa a ruwan famfo ku bar bakinta a buɗe. Ta biyu ku sa a ruwan da aka tafasa, ku zuba man gyaɗa a samansa don ya tare iska. Ta uku ku sa a busasshiyar kwalba ku toshe sosai. Bayan mako guda ta farkon ce za ta yi ja. Wannan gwajin yana cikin littattafanku, kuma irin tambayar da ake iya haɗuwa da ita ce a WAEC ko NECO.

Sharrin tsatsa shi ne ba ta tsayawa inda ta fara. Ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, saboda haka sai ta kumbura ta ɗaga fentin da ke kusa da ita. Ga ta kuma da ƙananan ramuka masu riƙe danshi, sai ruwa ya sami hanyar shiga ƙasa. Tukunyar alminiyam ba ta wannan ciwon, domin fatar da iska ke yi mata siririya ce mai manne wa jiki, ita ce ma ke kare ta. Kwanon rufi kuma tutiya ake shafa masa tun daga masana'anta. Firam ɗin keke ba shi da wani mai tsaro sai fenti. Gishiri yana ƙara wa tsatsa sauri, shi ya sa ƙarfe ke saurin lalacewa a Legas da ke bakin teku. Mu a Katsina iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, wannan ne ma ya sa keken Kaka ya kai shekara 50 da ƙarfinsa. Inda muka tarar da tabo a jikinsa ya ba da labarin kansa: sandar sama inda gumi ke ɗiga, ƙasan firam inda taɓon damina ke maƙalewa, da ƙafafun baya inda awaki suka daɗe suna fitsari.

Baba ya raba mana tabon gida uku. Akwai na sama-sama, wanda ke fita da ɗan gogewa. Akwai wanda ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, shi ke cin lokaci. Na uku shi ne wanda ya huda ƙarfen ko ya tsaga shi, musamman a mahaɗar bututu ko a ƙafafun da ke riƙe tayar gaba. Ya ce duk keken da ke da irin na uku kada a hau shi sai mai walda ya duba, domin karyewar ƙafar gaba a kan titi ba abin wasa ba ne. Namu bai da shi. Muka ƙirga tabo 23, muka zagaye kowanne da alli.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk mun same su a Babbar Kasuwa: samfefa mai kaushi da mai laushi, ƙaramin gwangwanin jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofa da taga, ƙaramin gwangwanin baƙin fenti mai mai, kwalbar tina, da ƙaramin buroshi irin na masu zane. Lemon tsami da kananzir da tsumma a gida muka ɗauka. Duka kuɗin bai kai abin da Auta ke kashewa a abin hawa na mako biyu ba.

Mun fara da wanka: ruwa da omo, sai kananzir a wuraren da tsohon giris ya daskare. Daga nan muka shiga guga. A nan akwai gargaɗin da ba ma so ku tsallake. Tsohon fenti yana iya ƙunsar gubar dalma, kuma ƙurarta tana lahanta ƙwaƙwalwar yara. Ita ce gubar da ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga duwatsun zinare ta fito. Don haka a jiƙe muka riƙa goga samfefar don kada ƙura ta tashi, muka rufe hanci da takunkumi, muka kori ƙananan yara daga wurin, muka kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kowane tabo sai mun goge shi har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, mu ɗan zarce kaɗan zuwa fenti mai lafiya don bakin wurin ya yi sumul. Masu ramuka mukan matsa musu lemon tsami mu bar shi kamar rabin awa, tsaminsa yana narkar da tsatsar da samfefa ba ta isa gare ta ba, sai mu ƙwaƙule da bakin waya. Bayan haka dole a ɗauraye a busar nan take, domin ƙarfen da aka tsiraita yana iya fara ja kafin gari ya waye. A ranar da aka goge, a ranar ake goge shi da tina a shafa jan fentin. Wannan ƙa'ida ce ta sa ba mu taɓa buɗe tabo fiye da biyar a yini ɗaya ba.

Baƙin fentin kuwa sai washegari. Shafi mai kauri yakan zubo kamar hawaye, ya bushe a sama ya bar ɗanye a ciki, don haka siriri muka riƙa yi, sau uku, da kwana guda a tsakani. Ƙananan ɗigo kuma da tsinken ashana muka cike su. Lokaci ma yana da muhimmanci. A hunturu ƙura za ta manne a fentin ya zama kamar samfefa, a tsakiyar damina, musamman watan Agusta, danshi ba ya barinsa ya bushe da wuri. Mu a hutun Afrilu muka yi, da sassafe, a inuwar zaure, bayan mun yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kan keken da sandunan birki, da yake farin ƙarfe ne mai ƙyalli, ba a yi musu fenti. Takardar alminiyam muka dunƙule muka tsoma a ruwa muka goga, suka dawo suna ɗaukar ido. Sai aikin da ba a gani: muka zare sirdin muka ɗiga man inji a cikin bututun, muka buɗe ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙafafun firam da waya, waɗanda aka yi su don danshi ya sami mafita.

Kwana 12 aikin ya ci. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma mun ga hakan a fuskar Auta. A kwana uku na farko tsaye yake yana gunaguni. A na huɗu ya karɓi samfefa. Zuwa na takwas shi ne ke hana kowa taɓa keken, har ya iya bambance tabon da ya gogu da wanda ya rage da ɗan ja a cikin rami. Baba mai gyara ya sa sababbin tayoyi da robar birki, ya ɗaure sarƙa. Da aka gama, wanda ya matso kusa zai ga inda sabon baƙi ya haɗu da tsoho, don sabon ya fi sheƙi. Ba mu damu ba. Zalɓen yana nan, layin zinaren yana nan, har da ɗan lotsawar da ke madigadin baya, wadda Kaka ya ce jaki ne ya yi masa ita a hanyar Jibiya tun mahaifinmu yana goye.

Kaka ya zagaya keken sau biyu, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Sannan ya miƙa wa Auta makullin da ya shekara da shekaru a cikin gafakarsa. A makaranta abokai sun yi dariya kamar yadda aka zata, suka laƙaba masa "Hedimasta". Sunan ya bi shi, shi kuma ya karɓa. A zango na uku ba a rubuta sunansa cikin masu makara ba ko sau ɗaya, kuma malamin lissafi ya daina tambayar ko ya bar makarantar ne.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun daga 2018. A wurinmu wannan rana tana faɗowa daidai bakin damina, lokacin da tsatsa ke shirin farkawa. Idan kuna da keke, tsoho ko sabo, ku mai da ita ranar dubawa. Ku juya shi ƙafa a sama ku leƙa ƙarƙashinsa. Duk inda fenti ya ɓantare, ko ɗigon man inji kuka sa ya tare ruwa kafin ku sami fenti. Ranar da ruwa ya dake ku a hanya, ku goge shi da busasshen tsumma kafin ku shiga ɗaki, kuma kada ya kwana a tsakar gida ko kusa da turken awaki. Idan kuma na zaure ne da aka manta da shi, ku nemi izinin mai shi, ku ɗauki sifana ku ƙwanƙwasa. In ya amsa muku ƙal-ƙal, to ku ce wa mai jari-bola ya yi gaba.