Fiɗar da aka shiga ta bayan kunne

Lokacin da nake koyon fiɗar kunne, hanci da maƙogwaro, aka kawo mana wata mata mai ƙari a jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa. Ba ciwon daji ba ne, amma yana girma a hankali har ya fara danne ƙwaƙwalwa. Kunnenta na dama ya daɗe da daina ji. Saboda haka malaminmu ya zaɓi shiga ta kunnen, hanyar da William House da William Hitselberger suka kafa a Los Angeles a farkon shekarun 1960.

Ni aka ba bututun zuba ruwa da tsotse shi. Aka tsaga fata a bayan kunne, malam ya sa ido a madubin fiɗa ya fara gurza ƙashi da inji. Ƙashin wurin ramuka ne kamar saƙar zuma, kuma kowane gefe da haɗarinsa. Sama akwai tantanin ƙwaƙwalwa. Baya akwai babbar hanyar jini da ake hango shuɗinta ta cikin ƙashi. Gaba kuwa jijiyar fuska ce, wadda idan ta tsinke baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Duk jan lokacin da aka yi saboda ita ne. Da ya kusance ta sai ya canza kan injin zuwa mai ƙurar lu'ulu'u, ya ce mini, "Likita, ƙara ruwa. Zafi kaɗai ya isa ya kashe ta."

Na ga an gurje zobba uku na cikin kunne masu hana mutum jiri, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kunnen ba zai ƙara ji ba har abada, kuma tun kafin matar ta sa hannu an gaya mata. Har yau ina ganin cinikin ya yi: ba a ture ƙwaƙwalwa gefe ba, kuma an gano jijiyar fuska tun a ƙarshen ramin, kafin a taɓa ƙarin. Likitan ƙwaƙwalwa ya karɓa, ya ƙwaƙule cikin ƙarin, sannan ya ɓamɓare shi daga jijiyar kaɗan-kaɗan. Na'urar da aka maƙala a fuskarta na yin ƙara duk sanda aka ja da yawa, sai kowa ya tsaya cak.

Da kitsen cikinta aka toshe ramin don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya yoyo. Da ta farfaɗo malam ya ce, "Hajiya, runtse ido, nuna mini haƙora." Duka gefen biyu suka motsa, na dama da ɗan rauni. Ta yi kwanaki tana jiri kafin ta iya tafiya ba mai riƙe ta.