Zoben da ya daina shiga yatsan Yaya

Mu mata, komai ya canza a jikinmu sai a ce haihuwa ce. Haka dangi suka yi ta faɗa wa yayata har shekara shida. Takalminta ya tashi daga lamba 39 zuwa 42, zobe ya daina shiga, haƙora suka buɗe, ga gumi da minshari. Wasu suka ce sammu ne.

Likita ya ce sunan ciwon akromegali. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, fituwitari, mai fitar da sinadarin girma. Ƙwaƙwalwa ke riƙe da linzaminta da saƙo biyu: GHRH ya ce "saki", somatostatin ya ce "tsaya". In sinadarin ya isa hanta, sai ta samar da IGF-1, shi kuma ya koma ya ce ya isa haka. A jikin Yaya, ƙari ne, ba na daji ba, ya tsiro a wurin, yana ta zubo sinadarin ba ya jin tsawa. Tun da ƙasusuwanta sun gama tsawo, sai kauri.

Aka ba ta ruwan sukari aka auna jininta. Ga mai lafiya sinadarin sauka yake yi, nata ya ƙi. Ta hanci aka cire ƙarin. Gumin ya tafi, amma haɓarta ba ta koma ba, kuma har yau tana shan maganin hawan jini.

'Yar'uwa, ɗauko hoton bikinki ki kwatanta. In hannu da ƙafa na ƙaruwa bayan kin gama girma, je asibiti a auna miki IGF-1.