Ɗan Zango Yana Nan Cikin Memori

Mu huɗu ne muka tashi a layi ɗaya a Aboabo, kuma duk wanda ya san mu a wancan zamani bai san mu da sunayen da aka raɗa mana ba. Akwai Yokozuna, saboda ƙiba. Akwai Hitman. Akwai Papa Shango, wanda ba ya dariya. Sai na huɗu, mai wannan rubutu, shi kuwa laƙabinsa ba na sawa a jarida ba ne.

A gidan bidiyo abin ya kama mu. Benci ne a jere cikin zafi, talabijin ɗaya a kan kanta, kaset kuwa ya sha kallo har hoton yana rawa. A nan muka ga Hulk Hogan ya ɗaga André the Giant ya maka da ƙasa, wasan da aka yi tun 1987, mu kuwa muna ihu kamar a daren aka yi shi. Da muka kai wa kakanmu labari, tsohon da iyayensa suka zo daga ƙasar Sakkwato fataucin goro, sai ya yi tsaki ya ce, "Ku yaran nan, a kokawar gaskiya in mutum ya taɓa ƙasa an gama. Wannan da ake ka da ƙato sau goma yana tashi, wasan 'yan kama ne." Muka ce tsufa ne ke damunsa.

Wajen 1994 wani bawan Allah ya buɗe shagon gem a bayan layinmu, da Sega Mega Drive guda ɗaya. Cikin kaset ɗinsa akwai WWF Royal Rumble, wanda ya fito a 1993. To, a nan fa muka tare. Dokar shagon ɗaya ce: wanda aka kayar shi ke biya, ya kuma miƙa abin latsawa ga na gaba. Wasan ba ya son wata dabara mai yawa. In ƙatti biyu suka sarƙe, wani ɗan ma'auni zai fito a kansu, wanda ya fi saurin latsa maɓalli shi ke ɗaga ɗan'uwansa. Yokozuna ya gano cewa in ka naɗe yatsa da gefen riga ka riƙa gogawa, ka fi mai latsawa sauri. Rigunanmu na makaranta duk sun huje a wuri ɗaya, iyaye mata suna ta zargin ɓera.

Kuɗin fa? Na koko da ƙosai ne, da ladan aike. Sau biyu kuma, Allah Ya yafe mana, kuɗin Laraba ne. Malam ya gane a karo na biyu, mun kuma ji a jikinmu.

Sai ga wani yayanmu ya dawo hutu daga Amurka, ya zaunar da mu ya ce duk abin da muke gani a kaset shiri ne. Tun kafin a hau dandali an san wanda zai ci, har da mintin da za a gama. Ya ƙara da cewa shi Yokozuna na ainihi ma ba mutumin Japan ba ne, ɗan asalin Samoa ne haifaffen Amurka. Ashe kaka ya yi gaskiya. Kwana biyu ba mu leƙa shago ba. A na uku namu Yokozunan ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Nasu ne aka shirya. Namu wa ya shirya shi? In ka isa, zo ka ka da ni." Maganar nan ce ta riƙe mu shekara talatin. A talabijin wani ne a ofis yake zaɓen gwani, a shagon nan kuwa yatsanka ne da kuɗin kokonka.

Shekarar 1998 ruwan Akosombo ya ja baya, aka shiga rabon wuta. Mun haddace ranakun layinmu fiye da yadda muka haddace jadawalin makaranta. A shekarar ce kuma WWF War Zone ya fito a PlayStation, da wani abu da ba mu taɓa gani ba, wato ka ƙera naka ɗan kokawa da hannunka. Amma sai a Here Comes the Pain na 2003, a PlayStation 2, muka yi aikin da gaske. Lokacin mun zama samari, kowa da sana'arsa, kamfanin ma ya koma WWE tun 2002. Muka haɗa kuɗi muka sayi namu inji na hannu a Kejetia. Dare uku Yokozuna ya yi yana gyara mutumin nan: baƙi wuluk, faffaɗan ƙirji, wando kore da ja da ruwan ɗorawa. Ya sa masa suna Ɗan Zango. Da shi ya bi Brock Lesnar da Undertaker da Triple H ɗaya bayan ɗaya har ya ɗauki kambu. Ba mu taɓa zaton za mu ga irin haka a wajen akwatin ba.

A 2005 Yokozuna ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, kamar samarin Zango da yawa. Daren tafiyarsa ya zare memori daga injin ya ba Hitman, ya ce, "Masa, riƙe min. Kada kowa ya taɓa min yarona." Yakan bugo waya daga Sabha, daga baya daga Tarabulus. Kiransa na ƙarshe a farkon 2011 ne, da yaƙi ya ɓarke. Mahaifiyarsa har ta rasu ba ta yarda an yi masa sadaka ba.

Yana can Kofi Kingston ya fito a 2008, ana shelar wai daga Jamaika yake. Mu dai mun ce mai suna Kofi ba a kai shi nesa. Haifaffen Kumasi ne, a 1981, aka tafi da shi Amurka yana ƙarami. A 2009 suka daina ɓoyewa, aka fara kiran Ghana in zai shigo. Shekara goma sha ɗaya yana faɗuwa yana tashi, har ranar 7 ga Afrilu 2019, a WrestleMania na 35, ya ka da Daniel Bryan ya zama ɗan kokawa na farko haifaffen Afirka da ya riƙe kambun WWE. Mu uku muna ɗakin Hitman, dare ya raba, yara suna barci. Mun san shiri ne, mun fi kowa sani. Duk da haka Papa Shango, mutumin da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba, ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Da Kofi ya zo gida a shekarar ya kai gaisuwa fadar Manhyia, mun tsaya cikin rana don mu hango shi. Bayan wata shida suka sa Brock Lesnar ya karɓe kambun cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ofis ya bayar, ofis ya karɓe.

Yanzu 'ya'yanmu ne ke buga WWE 2K, hoto kamar ka taɓa mutum, maɓallai kuma sun yi wa yatsunmu yawa. Suna ka da mu suna dariya. Amma duk bayan Sallar Layya mukan ciro tsohon injin daga ƙarƙashin gado, a hure ƙura, a goge faifai da gefen riga. A bara ɗan autan Hitman ya ga wani ƙato mai koren wando a jerin 'yan wasa, ya ce, "Baba, wannan wane ne? Bari in ɗauke shi."

Hitman ya karɓe abin latsawar daga hannunsa a hankali. Ya ce, "Zaɓi wani. Wannan da mai shi."